Littafi na Biyun da Inna Ke Jira

Zuwa ga Alhaji Arzika na Gumbin Kure,
Marubucin littafin Lambun Ƙasan Gulbi,
Wanda a yanzu ke babban ofis a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Sunana Kulu, ƙanwar abokinka Sahabi na Birnin Malam. In sunan bai faɗo maka ba, ni ce wadda kake tsokana da Malama Kulu don na iya karatun boko, lokacin kana koyarwa a firamare a Maiyama, kana zuwa gidanmu a kan tsohon babur ɗin nan da ba ya tashi sai an tura. Yanzu ina aure a Jega, ina sana'ar ɗinki, kuma da iznin maigidana na rubuta wannan takarda.

Ban so maganarmu ta fito jarida ba. Sau uku na zo ofishinka. Zuwan farko masinja ya ce kana taro, na biyu ya ce ka fita rangadi, na uku ya ce kana taro kan rangadin. Na aiko takarda biyu ta hannun direban motar kasuwa, ya rantse ya miƙa, shiru kake ji. To, tunda a bainar jama'a ka ɗauki alkawarin, a shafin ƙarshe na littafinka, bari in tuna maka da shi a bainar jama'a. Ka ce ƙarshen labarin yana littafi na biyu. Damina takwas ke nan, mahaifiyarmu tana jira, kuma yanzu tana kwance.

Saboda masu karatu da ba su san mafarin zancen ba, ga shi a taƙaice. A daminar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, gulbi ya cika ya batse. Yayana Sahabi ya shiga kwale-kwale zai tsallaka, kwale-kwalen ya kife a tsakiya. An tsamo kowa, mai rai da marar rai, ban da shi. Masunta sun yi kwanaki suna nema har suka gaji, ko hularsa ba a gani ba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga littafi. Alhaji Arzika ya sayar da babur ɗinsa, ya tafi Kano ya buga da kansa, ya dawo yana shimfiɗa tabarma a kasuwar Jega da tashar Maiyama da kasuwar albasa ta Aliero yana sayarwa. Labarin wani gari ne a ƙasan gulbi, wanda aljani mai suna Magajin Ruwa ke mulka. Duk wanda ruwa ya ci can ake kai shi, a miƙa masa fartanya ya yi ta noman albasa har illa masha Allahu. Babban ɗan wasan labarin kuwa sunansa Sahabi, ɗan Birnin Malam.

Ranka ya daɗe, zan faɗi abin da na gani a littafin nan, mai daɗi da marar daɗi, don ina jin duk jihar nan babu wanda ya karanta shi sau da yawa kamar ni.

Na ɗaya. Ba zan hana ka haƙƙinka ba, ka iya ban dariya. Har yau in na tuna kadan nan mai tabarau da ke zaune a ƙofar garin yana cika fom, sai in ajiye almakashi. Ya tambayi Sahabi jiharsa, Sahabi ya ce Kebbi. Kadan ya duba rajista sama da ƙasa bai ga Kebbi ba, don mutanen ƙasan ruwa ba su sami labarin sabuwar jiha ba tukuna. Aka zaunar da shi a benci har babi guda ana jiran fayil ɗinsa ya zo daga Sakkwato. Tsofaffin da ruwa ya ci tun zamanin Turawa suka kewaye shi suna ce masa maƙaryaci, alhali ranar ce kawai ya faɗi gaskiya a duk littafin. Wanda bai zauna a bencin ofis a shekarun nan ba, lokacin da takardun kowa rabi na can rabi na nan, ba zai san daɗin wannan babi ba. Sai kuma inda ake tilasta wa mutane ban-ruwa da jigo a ƙasan gulbi, wai doka ta ce albasa sai da ban-ruwa, kuma ba a soke dokar ba. Maigidana ya ce ya san ma'aikata biyu da ke aiki haka.

Na biyu. Ka san inda za ka soki mutum. Kana cikin ba mu dariya sai ka ce a garin nan kowa kuka yake, amma ba wanda ya san na albasa ne ko na kewar gida, kuma a cikin ruwa ba a ganin hawaye balle a tambaye ka. Akwai kuma babin da uwaye ke zuwa bakin gulbi suna kiran 'ya'yansu, kiran ya sauko ƙasa ba a gane muryar kowa, sai duk mutanen garin su yar da fartanya su ɗaga kai, kowa na zaton tasa ce. Wannan babi ban taɓa karanta shi a tsaye ba. Ban san inda malamin firamare mai babur ɗin turi ya samo shi ba, amma Allah ya ba ka.

Na uku, kuma shi ne babba a wurina. Ka kamo bakin Sahabi. Littattafan da ake kawo mana daga Kano duk da bakin can suke magana, mu kuwa ka bar mu da namu. Kuma ba bakin garinmu kaɗai ba, nasa na kansa. Yadda yake fara ƙarya da rantsuwa. Yadda in an aike shi yake tambayar wa ya mutu. Labarinsa na albasar da ya noma wadda wai a Aliero sai da mutum huɗu suka ɗora ta a mota, ƙwaya ɗaya tal. Yadda yake aron hula ya mayar da ita bayan Salla biyu, yana yi wa mai ita godiya kamar shi ya ba da aron. Duk ka zuba su ba ka rage ba. Ba mu da hotonsa ko ɗaya a gida, don ranar da mai hoto ya zo gari yana barci. Abin da ya rage mana na kamanninsa shi ne littafinka.

Na huɗu. Yanzu sai ka yi haƙuri ka ji sauran. Bangon littafin hoton wata Ba'indiya ne tana riƙe da fure. Na karanta daga farko har ƙarshe ina jiran inda za ta shigo, har yau ba ta iso ba. Tawada a wasu shafuka ta yi hasken da sai an fita rana. A kwafin da ke hannuna akwai shafi huɗu da aka ɗinka a kife, akwai biyu da aka maimaita, kuma na tambaya an ce kowa nasa haka yake. Wannan laifin gaggawa ne da rashin wanda zai duba maka, na yafe.

Wanda ban yafe ba shi ne wa'azin tsakiya. Labari na cikin gudu sai ka tsayar da shi cak, ka kawo wani malami daga inda ba a sani ba, ya yi ta magana har shafi goma sha wani abu. Kowa ya san tsoron malaman gari ne ya sa ka, kada a ce ka yi wasa da mutuwa. Su ba su karanta ba, mu da muka karanta muka sha wahala. Sai Bafulatanin da ya faɗo ruwa da shanunsa a babi na uku, muka so shi, muka saba da shi, daga nan ka manta da shi kamar ba kai ka kawo shi ba. Matan littafin kuma duk masifaffu ne, in ba masifa ba kuka. Ka ci tuwon Inna shekara da shekaru, ka ga tana raha, ka ga tana ciniki, amma ba ka ga mace ɗaya mai wayo da za ka kai ƙasan gulbi ba. Sannan ka ce an dasa albasa an cire a kwana arba'in, an kuma tura ta ɗaki an rufe. Manoman Aliero sun yi maka dariyar da ba ka nema ba, don ɗan yaye ma ya san sai ta sha watanni, kuma a rudu ake ajiye ta, wato rumbun kara inda iska ke ratsawa. Ka ce garin aljanu ne, na ji. Amma ai ɗan manoma ne ya rubuta.

Na biyar. Ba ka tambaye mu ba. Ka sa sunansa, ka sa sunan garinmu, har itacen tsamiyar ƙofar gidanmu ka sa, ba ka tako ka ce da Inna ga abin da za ka yi ba. A kasuwar Aliero kawunmu ya fara ji. Yana cikin ɗaurin buhu ya ji 'yan dako suna ƙyaƙyatawa, ɗaya na karanta wa sauran, ana ta ambaton Sahabi maƙaryacin ƙasan ruwa. Ya dawo gida ko ruwa bai sha ba ya ce sai ya kai ka gaban alƙali. Ni ma a lokacin da na gan ka da na zage ka, Allah ya sani. Mutum ya rasu ko shekara bai yi ba, ana sayar da shi a tabarma.

Inna ce ta hana. Ta ce kafin a kai ƙara a karanta mata ta ji abin da aka ce da ɗanta. Bayan la'asar aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na zauna na buɗe littafi. Ban kai shafi uku ba, inda Sahabi ke rantse wa kada cewa shi limami ne a duniya don haka bai kamata a ba shi fartanya ba, sai na ji wani sauti. Na ɗaga kai a tsorace, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce. Rabon Inna da dariya tun ranar kwale-kwale. Ta dafa kafaɗata tana cewa, "Shi na, wallahi shi na! Ci gaba, Kulu." Maganar alƙali a nan ta mutu.

Daga ranar ya zama mana al'ada. In an yi la'asar an share tsakar gida, maƙwabta su shigo da kujerunsu, wata na tsinkar zogale, wata na kitso, ni ina karatu. Har suka haddace. In na tsallake layi a gyara mini. Babin uwaye na ɓoye mata shi sau biyu, sai wata maƙwabciya da ɗanta ya karanta mata ta tona ni. Inna ta sa na karanta, ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta ɗora tukunya. Ina kewar waɗannan yammaci ƙwarai, Ranka ya daɗe. Lokacin jiha sabuwa ce, kowa na cewa gobe za a kawo kaza, jibi a gina kaza. Kafin nan, tun Sahabi na raye, kai kanka siririn mutum ne mai alli a gwiwar hannu, kana shigowa zaurenmu ba sallama sau biyu, kai da Sahabi ku shanye furar gida ku ce kyanwa ce. Rabin matan da ke zama a tabarmar nan sun riga mu gidan gaskiya. Bayan na yi aure ma duk zuwan da zan yi gida, kafin in kwance kaya Inna ta miƙo littafin daga ƙarƙashin matashi.

Na shida, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A shafin ƙarshe Sahabi ya yi wa Magajin Ruwa dabara ya gudu. Ya kama komar wani masunci, ana jan sa sama, hannunsa ɗaya ya riga ya fito ya ji zafin rana, sai aljanin ya cafke ƙafarsa. A nan ka tsaya ka tura mu littafi na biyu. Na sani haka masu buga littafi da kansu ke yi, a yanke labari a inda ya fi daɗi don a sayi na gaba, a sami na buga shi. Ga sauran masu karatu dabarar kasuwa ce, sun yi tsaki sun wuce. Amma mu ɗanmu ne ka bari a rataye, rabi a ruwa rabi a waje. Sai aka ɗauke ka aiki a Birnin Kebbi, ka samu kujera, ka je Makka, littafi ya zama wasan ƙuruciya. Na ji an ce yanzu in an ambace shi a gabanka sai ka sauya zance.

Kada wani ya zaci Inna ta ruɗe. Tsohuwa ce mai salla da azumi, ta san tatsuniya ta san gaskiya, ta san babu kada mai tabarau. Abin da take cewa shi ne, mutum ɗaya ne ya san ɗanta har ya iya mayar da shi takarda, kuma mutumin ya tafi ya bar shi a inda ruwa ya bar shi. Duk wanda ya zo daga Birnin Kebbi, ko mai sayar da gishiri ne, sai ta tambaye shi ko na biyun ya fito.

Zan faɗi laifina ni ma, tunda na faɗi naka. Da ciwo ya kwantar da ita a ranin da ya wuce, na ga ba zan iya jiranka ba. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, na yi mako uku ina rubutawa tsakanin ɗinki da girki. Na manna masa bango, na tafi Birnin Malam na ce mata ga na biyu ya fito. Idonta ya riga ya yi rauni, na san ba za ta gane ba. A nawa labarin Sahabi ya fizge ƙafarsa ya fito. Ya dawo gida ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi gafarar kowa, ya mayar da hulunan mutane, ya kama noma haiƙan, ya kai ta Makka. Na karanta ina kwaikwayon muryarka iya ƙoƙarina. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Amma wanga ba Sahabina na ba. Wanga yaron kirki na. Nawa ko shi hito ruwa, sai ya ce shi yac ceci masuncin."

Na ji kunya, na kuma yi kuka, don gaskiyarta. Ni son sa nake, shi ya sa na wanke shi tas har ya zama wani. Kai ka bar shi da dauɗarsa, shi ya sa ya rayu. Abin da ka iya ke nan wanda ban iya ba, kuma da na iya da ban dame ka ba.

A ranar na tambaye ta yadda take so ya fito, don in na same ka in faɗa maka. Amsar da ta ba ni ban zace ta ba, kuma ga ta yadda ta faɗa: "Ba cewa niy yi shi dawo ba. Na san ba shi dawowa. Ki ce ma Arzika shi hiddo min shi bisa tudu shi mutu nan. A yi mai wanka, a sa mai likkahwani, a kai shi kushewa kamar ɗan kowa."

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka rubuta ƙarshen. Ba sai ka je Kano ba, ba sai da bango ba, ba ma son Ba'indiya. Ko shafi goma ne da biro a takardar ofis ya wadatar. In kana jin nauyin matsayinka, kada ka sa sunanka, mu mun san bakinka.

Kada ka gyara shi. Ka bar shi ya yi ƙaryarsa har numfashin ƙarshe, ka bar ta ta yi dariya. Kada ka kawo malamin nan ya yi wa'azi, liman ɗaya ya isa, shi ma salla kawai zai ja. Amma ka fito da shi duka, har ƙafar da aka riƙe, ka kwantar da shi a busasshiyar ƙasa, ka sa mutanen garinmu su ɗauke shi.

In da hali ka zo da kanka ka karanta mata. Hanyar ba ta sauya ba, gidan ma yana nan inda ka san shi. Ba wanda zai tayar maka da tsohon zance, kawu ya rasu, ni kuma na faɗi nawa a nan na gama. Sai dai ka hanzarta, don yanzu kunu ma sai an ɗaga ta take sha.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Shekara takwas ke nan, duk wanda ya ce da Inna Allah ya jiƙan Sahabi, sai ta ce na gode. Liman ya faɗa, dangi sun faɗa, ni na faɗa ba adadi, ina kallon bakinta. Ba ta taɓa cewa amin ba. Ina so in ji ta faɗa da kunnena tun tana da bakin faɗa, kuma na duba ko'ina ban ga mai iya sa ta ba sai kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya shirya maka zuriya, ya sa ka gama da aikinka lafiya. Allah ya jiƙan mahaifanka. Allah ya jiƙan abokinka Sahabi. Ni dai na ce amin, saura ita.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Kulu, mai ɗinki a Jega.